Sawaba Ba Ta Tsaya a Kan Iyaka Ba

Manomi a Kashin Zama, ko mai albasa a Aliero, ko ɗan kasuwar Jega, duk Yamai ta fi kusa da shi a kan Abuja. Wanda yake musu ya ɗauko taswira ya auna. In ka tashi daga Jega da hantsi ka bi ta Kalgo da Bunza, kafin la'asar kana Kamba, daga nan kuwa Gaya ba nisa, ka shiga Nijar ke nan ba ka sake harshe ba, ba ka sake irin tuwon da za ka ci da dare ba. Kowa a yankin nan ya san shinkafa da fetur da shanu da amare suna bin wannan hanya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne siyasa ma tana binta, kuma kusan kullum matasa ne 'yan dakonta.

Jega kanta ɗiyar irin wannan zirga-zirga ce. Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu wanda ya zauna a Gimbana, Ba'are ne, Arewa kuwa yau rabinta na Kabi rabinta na Dogon Dutsi. Harin da mayaƙan Gobir suka kai wa Gimbana a ƙarshen 1803 shi ne ya ingiza hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Daga baya Abdussalami ya saɓa da Muhammadu Bello, aka yaƙe shi a Kware, ɗansa Buhari kuma ya zo ya kafa Jega. Ashe garin tun tushensa ya san jayayya da masu mulki, ya kuma san sulhu da su.

Turawa ne suka zo suka ja layi. Ingila da Faransa sun yi ta zana shi suna gogewa tun 1890, suka sake a 1898, suka sake a 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa turaku. Tun kafin a gama kafa su aka gwada ƙarfin layin. Wani makahon malami, Shu'aibu Ɗan Makaho, ya tayar wa Faransawa da hankali a ƙasar Dosso a ƙarshen 1905. Da suka ci ƙarfinsa sai ya tsallako, ya sauka Satiru kudu da Sakkwato, inda talakawa da gudaddun bayi suka riga suka taru suna ƙin haraji. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru, da gatura da fartanyoyi, suka kashe Turawa 3 da sojoji sama da 20. A watan Maris aka dawo musu da bindiga mai ruwa, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka baje garin har yau ba a sake zama ba. An tuɓe Sarkin Gwandu Basharu a kan zargin zuciyarsa na tare da su. A riƙe wannan, domin zai sake dawowa: talakawan ɓangarorin biyu sun haɗu a cikin gaggawa da yunwa, masu mulkin ɓangarorin biyu kuwa suka haɗu a tsanake, da wayar tangaraho da takarda.

Shekara 44 bayan haka, ranar 8 ga Agusta 1950, mutum takwas suka zauna a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU: Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Maitama Sule, Magaji Ɗambatta, Mudi Sipikin, Baballiya Manaja, Abdulƙadir Ɗanjaji da Musa Kaula. Yau muna tuna su da furfura, sai mu manta Maitama Sule shekararsa 20 a ranar, Magaji Ɗambatta ma bai kai ba. Malam Aminu Kano, wanda daga baya sunansa ya rufe na kowa, yana can Maru a Lardin Sakkwato yana koyar da malamai. Sai ƙarshen shekarar ya ajiye aiki, a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar yana da shekara 33. Alamarsu tauraro, kirarinsu kalma ɗaya: sawaba. Asalinta Larabci ne, ma'anarta can abin da yake daidai, amma a bakin Bahaushe ta koma sauƙi, irin numfashin da mai ɗauke da kaya yake saukewa idan an karɓe masa. Wanda ya zaɓi wannan kalma ya san mutanensa. Talakan da jangali da haraji da aikin gayyar hakimi suka danne ba ya bukatar a yi masa fassara.

Su wane ne suka amsa? Teloli, mahauta, direbobi da karnukan mota, 'yan koli, masu gyaran keke, ƙananan malaman zaure, da matan da suka fita daga kulle suka riƙe kansu. Tanko Yakasai tela ne a lokacin. Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ba ta kai shekara 20 ba ta fara hawa kan teburin lacca a Zariya, a zamanin da mace a Arewa ba ta da ƙuri'a, kuma ba ta samu ba sai a shekarun 1970. Reshen matasan jam'iyyar sunansa Rundunar Samarin Sawaba.

Dimokuraɗiyyar da aka shimfiɗa musu kuwa tarko ce da ado. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun ci matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma a mataki na sama En'e tana da ikon cusa mutanenta. Da aka kai ƙarshe ko mutum ɗaya na NEPU bai shiga majalisar Kaduna ba. Bayan wannan sai sauran dabaru: a hana izinin lacca, in an yi a ce an zagi sarki, alƙali ya yanke bulala da wata shida. A Kano har ƙungiya aka yi, Jam'iyyar Mahaukata, aikinta dukan 'yan NEPU. A Lardin Sakkwato, wanda Gwandu da Jega suke ciki, abin ya fi tsanani, domin nan ne gidan Sarkin Musulmi da Sardauna, Sarkin Gwandu Haruna kuma shi ne shugaban Majalisar Sarakunan Arewa. Jam'iyyar ta fi samun wurin tsugunawa a garuruwan jirgin ƙasa, Gusau da Ƙaurar Namoda, cikin 'yan kasuwa da 'yan Tijjaniyya. A ƙauye, saurayin da ya maƙala tauraro a hula ya san ba shi kaɗai zai sha ba, har da gonar ubansa da auren ƙanwarsa.

Akwai wata doka da ya kamata kowane matashi ya san da ita. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta haramta wa duk wanda bai kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, ta kuma sa hukunci a kan babban da ya ja shi ciki. An ce don kare yara ne. Kowa dai ya san yaran wace jam'iyya ne suke bin lungu suna waƙa da yamma. A 1960 wani ɗan NEPU, Ɗahiru Ceranci, ya kai maganar Babbar Kotu yana cewa dokar ta saɓa wa 'yancin da tsarin mulki ya bayar. Kotu ta ce dokar na nan daram.

To, kalmar nan ta sawaba ba ta tsaya a Jibiya ko Illela ta nuna fasfo ba. Motar gyaɗa da ke zuwa Kano daga Maraɗi da Damagaram ba ta komawa wayam, kuma ba duk kayanta ake gani a bodi ba.

A can Nijar ma ƙasa ta riga ta jiƙa. Faransa ta soke aikin tilas a 1946, a shekarar aka kafa jam'iyyar PPN, reshen Nijar na RDA, babbar jam'iyyar ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka, mai alamar giwa. Cikin jagororinta akwai malaman makaranta biyu 'yan ƙauye ɗaya, Sudure kusa da Yamai, kuma 'yan uwan juna: Jori Hamani, haihuwar 1916, da Jibo Bakari, haihuwar 1922. Dukkansu sun yi makarantar William Ponty a Sanagal. Jibo ya koyar a Birnin Ƙonni, don haka ya san Hausa ya san Hausawa. Da RDA ta yanke hulɗa da 'yan gurguzun Faransa a farkon shekarun 1950 don ta shirya da gwamna, Jori ya bi, Jibo ya ƙi. Ya koma cikin ƙungiyoyin ƙwadago, a 1954 ya kafa tasa jam'iyyar, UDN. Mutanensa kuwa, in ka jera su kusa da na Malam Aminu, ba za ka bambance ba: direbobi, 'yan kamasho, teloli, ma'aikatan gidan waya, tsofaffin sojoji, masu sayar da goro, matan gari. A garuruwan Hausa, in Jibo ya iso, abin da taro ke ɗauka shi ne "Sawaba!", har kirarin ya haɗiye sunan jam'iyyar. Alamarta raƙumi.

Inda suka bambanta shi ne Sawabar Nijar ta ɗanɗana mulki. A 1956 Jibo ya zama magajin garin Yamai. A Maris 1957 jam'iyyarsa, bayan ta ƙulla da wata ta sarakuna, ta ci kujeru 41 cikin 60, ya kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko yana da shekara 35. Cikin 'yan majalisarsa akwai Abdullahi Mamani na Damagaram, ɗan shekara 25, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarauniya a kan Sarauniyar Lugu da ta tari Faransawa a 1899. Amma auren talaka da sarauta bai cika ƙarko ba. Jibo ya tuɓe wasu sarakuna, sauran suka shafa wa gemunsu ruwa suka zauna jiran rana.

Ranar ta zo a 1958. Janar Digol na Faransa ya ba ƙasashen da ƙasarsa ke mulka zaɓi: ku ce "i" ku zauna ƙarƙashin inuwarmu, ko ku ce "a'a" ku tafi yanzu ba ko anini. A Afirka ta Yamma shugabanni biyu ne kaɗai masu riƙe da gwamnati suka ce a'a, Seku Ture na Gini da Jibo Bakari. Gini Faransa ta iya haƙura da ita. Nijar kuwa tana maƙwabtaka da Aljeriya inda yaƙi ke ci, an fara ganin alamun yuraniyom a Ayar, ga kuma tsoron kada ƙasar ta jingina da Nijeriya, wadda Hausawanta suka ninka mutanen Nijar duka. Aka aiko sabon gwamna, Kolombani, ana gab da kaɗa ƙuri'ar. Aka shigo da sojoji, jirage suka yi ta shawagi ƙasa-ƙasa a kan ƙauyuka, sarakuna suka juya baya. Ranar 28 ga Satumba aka ce kashi 78 cikin ɗari sun ce "i", alhali mafi yawan masu rajista ko rumfar ba su je ba. A watan Oktoba Jibo ya sauka. A zaɓen Disamba Sawaba ta ci 'yan kujeru, su ma aka soke. Jori ya hau, a Oktoban 1959 aka haramta jam'iyyar, sannan ranar 3 ga Agusta 1960 Faransa ta miƙa 'yanci ga waɗanda suka ce ba su shirya karɓarsa ba shekara biyu kafin nan.

Daga nan iyaka ta zama numfashin Sawaba. Jibo ya yi Bamako, daga baya Akra, inda Kwame Nkuruma ya buɗe ƙofa ga duk mai faɗa da 'yan mulkin mallaka da 'yan korensu. Amma tsakanin Akra da Damagaram akwai tafiya, kuma tsakiyar tafiyar Kano ce. Saurayi zai bar Tasawa ko Madawa ko Magarya da dare kamar mai zuwa cin rani, ya kwana biyu yana Fagge ko Sabon Gari, a sauke shi gidan ɗan NEPU, a sama masa takarda da kuɗin mota, ya yi kudu. Wasiƙu da takardun jam'iyya su biyo hanyar su koma, cikin buhun goro ko ƙarƙashin kujerar direba. Tanko Yakasai na cikin 'yan NEPU da aka sani da wannan hulɗa. Jandarma ba shi da yadda zai bambance ɗan Sawaba da ɗan ci-rani, domin sau da yawa mutum ɗaya ne. A Gana kuma ga zango, ga Hausawan Kumasi da Akra, masauki a shirye.

Ɗaruruwan samari sun fita ta waɗannan hanyoyi, kuma ba duka bindiga suka je koyo ba. Da yawa karatu aka kai su Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas da sauran ƙasashen gabashin Turai, 'ya'yan talakawan da a gida ko sakandare ba za su gani ba, suka dawo likitoci da injiniyoyi. Wasu kuma aka kai su sansanonin horo a Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa da Gana. Ka yi tunanin karen motar da bai taɓa wuce Ƙonni ba, sai ga shi a Nankin yana koyon harhaɗa nakiya ta bakin tafinta.

A ƙarshen damina ta 1964 suka dawo, ƙungiya-ƙungiya, ta Dahomi da Nijeriya da yamma, daga wajen Tera har Bosso a bakin Tafkin Cadi. Lissafinsu shi ne da zarar an ji harbi talakawa za su tashi. Talakawa ba su tashi ba. Shekara biyar na kame da duka sun karya sassan jam'iyyar na cikin gida, gwamnati ta riga ta ji labari, ta kuma sa dagatai da 'yan bangar jam'iyya su fito da mutanen ƙauye da kwari da baka a yi farautar baƙi. An kashe Ɗanduna Abubakar, tsohon ɗan ƙwadago, a wajen Ƙonni, aka kai gawarsa Yamai aka baje ta a bainar jama'a. Ranar 13 ga Oktoba aka harbe ɗan Sawaba Salle Ɗan Kulu da wasu mutum uku a gaban taro. Dubbai suka shiga kaso, wasu ba su fito ba. A Afrilun 1965, a filin Idin Babbar Salla a Yamai, wani ɗan Sawaba, Amadu Diyof, ya jefa wa Jori gurneti. Jori ko ƙwarzane, yaro ƙarami ne ya mutu.

A ganina, a nan Jibo Bakari ya ci amanar lissafi, ko da bai ci ta mutanensa ba. An yi masa fashin mulki a 1958, wannan ba musu. Amma mai zaune a Akra shekara da shekaru yana jin labarin gida daga bakin masu son faranta masa, ba shi ne ya kamata ya tsayar da ranar da 'ya'yan mutane za su tsallaka da bindiga ba. Malam Aminu, da duk dukan da mutanensa suka sha, bai taɓa tura su wannan hanya ba, kuma shi ya sa NEPU ta rayu ta haifi jam'iyyar PRP, ta ci Kano da Kaduna a 1979. Sai dai a yi adalci: Malam Aminu yana da kotun ɗaukaka ƙara, da jaridun Legas, da kujerar da ya ci a majalisar tarayya a 1959. Jibo an toshe masa duk waɗannan ƙofofi, aka bar masa taga.

Yanzu a dubi ɗaya gefen. Gwamnatin Sardauna da ta Jori ba su bukaci mai shiga tsakani ba. Abokin gabarsu iri ɗaya ne, har sunansa ɗaya. 'Yan sandan Nijeriya da 'yan dokan En'e suka shiga kamen 'yan Sawaba a garuruwan Arewa. Jori da abokansa suka ƙaurace wa taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na Akra a 1965 saboda Nkuruma na ɓoye masu adawa da su. A Fabrairun 1966 sojoji suka kifar da Nkuruma, aka rufe sansanonin, aka danƙa wa Yamai waɗanda aka kama. A Nijeriya an kashe Sardauna a Janairun shekarar, a watan Mayu soja suka haramta jam'iyyu duka har da NEPU, amma ko hakan bai sassauta wa 'yan Sawaba ba. A 1967 aka kama Usman Ɗan Galadima na Madawa, ɗaya daga manyan jagororinsu, a Nijeriya, aka miƙa shi. Yaƙin basasa ya taso, Legas na bukatar Jori, Jori kuma ya tsaya mata. A shekarar ce Malam Aminu ya shiga gwamnatin Gawon a matsayin kwamishina. Ban kawo wannan don in ɗora masa laifi ba, na kawo ne don a ga yadda zumuncin 'yan adawa yake sirancewa idan ɗayansu ya shiga ofis. Jibo ya koma gida bayan juyin mulkin Saini Kunce na 1974, shekara na zagayowa Kunce ya ɗaure shi.

Zuriya ta gaba a makaranta ta taso, ba a tasha ba. A shekarun 1980 bashin duniya ya shaƙe ƙasashen biyu, maganin da aka rubuta musu kuma iri ɗaya: a rage kashe kuɗi a kan ilimi da lafiya. A Zariya an harbe ɗalibai a Mayun 1986. A 1988 wani ɗan Jega mai shekara 31, Attahiru Jega, ya zama shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, gwamnatin Babangida ta haramta ƙungiyar ta kuma tsare shi. A Yamai, ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai suka taso daga jami'a za su tsallaka gadar Kenedi, aka buɗe musu wuta, uku suka mutu. Jinin nan shi ya buɗe hanyar Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda ɗalibai suka zauna a cikinsa da cikakkiyar murya, aka dawo da jam'iyyu. Duba sunayen da suka ɗauka: Tarayya, Nasara, Rahama, Zaman Lahiya. Ƙasar da ke mulki da Faransanci, da ta tashi neman ƙuri'a da Hausa ta nema. Jibo ya fito takara a 1993 da tsohon sunan Sawaba, bai samu ko kashi 2 cikin ɗari ba. Matasa sun yi gaba, suka zaɓi Mahaman Usman na Damagaram mai shekara 43. Jibo ya rasu a 1998.

Ba kalmar kirki kaɗai ke tsallakawa ba. A 1998 ɗin nan aka tara matasa a Abuja suna roƙon Abaca ya zarce, "tazarce" ta shiga bakin mutane. Ta sake tasowa a 2006 lokacin Obasanjo, majalisa ta binne ta. Sai ga ta a 2009 ta ɓulla a Nijar da sunanta, ba ko sauyin wasali, magoya bayan shugaba Tanja Mamadu na rera ta, har ta kai shi ga juyin mulkin Fabrairun 2010.

Shi kuwa ɗan Jegan nan, Attahiru, a 2010 aka ba shi hukumar zaɓe, a 2015 ya kawo na'urar tantance katin zaɓe, aka yi zaɓen da a karon farko shugaba mai ci ya faɗi a Nijeriya. Wanda ya ga samarin Arewa a daren nan, sun ƙi barin rumfa sai an ƙirga a gabansu da hasken waya, ya ga jikokin Rundunar Samarin Sawaba ko da su ba su san sunan ba. A 2018 aka rage shekarun takara, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Madalla. Sai dai a 2022 fom ɗin neman takarar majalisar wakilai a jam'iyya mai mulki naira miliyan 10 ne. Ɗan shekara 25 da ya gama jami'ar Aliero, buhu nawa na albasa zai sayar? En'e ta tafi, amma zaɓen hawa-hawa bai tafi ba, kuɗi ne ya gaji kujerar hakimi. Kusan kashi 40 cikin ɗari na masu rajista a 2023 'yan ƙasa da shekara 35 ne, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa duka-duka ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba. Manya kuwa ba su daina ziyartar juna ba: a Janairun 2019 gwamnonin Maraɗi da Damagaram suka zo Kano taron yaƙin neman zaɓen Buhari, watanni kaɗan bayan haka Buharin ya rufe iyaka a kan talaka mai buhun shinkafa a bayan babur.

Ranar 26 ga Yuli 2023 Janar Abdurahaman Tchiani ya tsare shugaban Nijar, Bazum, ya karɓe mulki. Wannan karon masu mulkin biyu ne suka saɓa, abin da ba a saba gani ba. ECOWAS ƙarƙashin Tinubu ta sa takunkumi ta yi barazanar yaƙi, aka rufe Kamba da Illela da Jibiya, aka yanke wutar da ke bi ta Birnin Kabi zuwa Yamai. Nan take Arewa ta ce ba da ita ba. Sanatoci suka ƙi, malamai suka yi jirgi zuwa Yamai, samari suka fito a Kano da tutar Nijar, a Facebook da TikTok kuwa ba ka iya sanin wane ne ɗan Tawa wane ne ɗan Argungu sai in ya ambaci kuɗi, wannan ya ce jaka wancan ya ce naira. Ba a yi yaƙin ba. A Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefen.

Amma me ya tsallako a wannan karo? Tuta. A Yamai masu murnar korar Faransa sun ɗaga tutar Rasha a 2023. A Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke, sai ga tutar a Kano da Kaduna da Katsina a hannun yaran da yawancinsu ba za su iya nuna Rasha a taswira ba, wasu har suna kiran soja su karɓa. Ina jin yunwar da ta fito da su, ita ce dai ta 1950. Sai dai sawaba kalma ce mai ƙunshe da buƙata: a rage haraji, a raba alƙali da sarki, a ba kowa ƙuri'a. Kakanninsu bulala suka sha don a ba su ƙuri'ar, su kuma ga su suna roƙon wanda zai karɓe ta. Hukuma ta ce cin amanar ƙasa ne. Cikin waɗanda aka fara kamawa a Kano har da telolin da suka ɗinka tutocin, sana'ar Tanko Yakasai. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya a Abuja, da yawansu yara ne, bayan kusan wata uku a tsare. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowanne naira miliyan 10, daidai kuɗin fom ɗin majalisar wakilai. Sai da hotunan suka zaga duniya sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su.

A Yamai kuwa, a tsakiyar Oktoban 2024, sojoji suka cire sunan Digol daga wani babban titi suka sa na Jibo Bakari, shekara 60 cif bayan harbe Salle Ɗan Kulu. Wata biyar bayan haka, ranar 26 ga Maris 2025, aka rantsar da Tchiani a kan wa'adin shekara biyar ba tare da zaɓe ba, ya kuma sa hannu a dokar rusa jam'iyyun siyasar ƙasar gaba ɗaya, har da 'yar ƙaramar da ta rage tana amsa sunan Sawaba.